Sauran Numfashin Tien-lai

Motar asibitin ta ja birki a bakin layinmu, don babu ta inda za ta bi. Teburan walima sun cika layin daga bango zuwa bango, an ja rumfa a sama, ana tsakiyar ci da sha. Ni ma ina zaune a wurin ina ɓare jan ƙwai, irin wanda ake rinawa don murnar haihuwa, sai na ga Siu-bi ta leƙo ta ƙofar bayan motar tana neman fuskar da ta sani.

"Inna A-kiau," ta ce, "ki ce su ba mu hanya. Na kawo Baba."

Na ajiye ƙwan na tashi. Babanta, Tien-lai, katanga ɗaya ce ta raba gidana da nasa tun ina amarya. Ya kwana biyu a babban asibitin birni, huhunsa ya ƙi. Da safiyar ranar likita ya ce wa Siu-bi babu sauran abin yi, ta ɗauke shi da sauran numfashinsa ya je ya cika a gida. Ta bugo mini waya, na shiga na share zauren gidansu, na jera katako a kan benci gaban teburin kakanni, na shimfiɗa tabarma. Na kuma je na gaya wa mai unguwa Ko, wanda walimar tasa ce. Ya ce mini babu damuwa, ai kafin su iso an watse. Sai ga su sun iso ko miyar kifi ba a kawo ba.

A wurinmu gawa ba ta shiga unguwa. Wanda ya cika a zauren gidansa shi ne yake samun wuri a teburin kakanni, a riƙa kunna masa turare ana ajiye masa shinkafa. Wanda mutuwa ta riska a waje kuwa, a waje zai ƙare: a kafa masa rumfa a bakin teku, daga nan a wuce da shi, kurwarsa ta yi ta gararamba ba ta san ƙofar gidanta ba. Tien-lai ya san rumfar nan sarai. A cikin irinta aka kwantar da ɗansa namiji tilo, shekarar da teku ta dawo da shi bayan kwanaki. Tun daga lokacin, duk wanda ya zauna shan shayi da shi sai ya ji maganar: "Ni dai ko a kan kafaɗa ne ku kawo ni zaurena. Kada ku yi mini irin ta yarona."

Na leƙa cikin motar. Yana kwance ya ƙanƙance, an rufe masa hanci da baki da wata roba, wata ma'aikaciyar jinya tana matsa jakar iska da hannu biyu, ƙirjinsa yana ɗagawa yana sauka. Idonsa biyu. Ya juyo da su kaina, ya gane ni, na ga alamar haka. Yatsunsa suna riƙe da hannun rigar 'yarsa gam.

"Baba, mun iso bakin layi," Siu-bi ta faɗa da ƙarfi kusa da kunnensa, yadda ake yi wa wanda ake kawowa gida. Duk gada, duk kwana, sai an gaya masa, don kada ya ɓata a hanya. Muryarta ta riga ta dushe da faɗa tun daga birni.

Na ratsa teburan na nufi Ko. Yana tsaye da jar riga, kofin giya a hannu, fuskar nan tana naso, yana karɓar barka.

"Mai unguwa, Tien-lai ne a motar can. Jerin tebur ɗaya za a matsar gadon ya wuce, shi ke nan."

"Na gani, A-kiau, ai ba makaho ba ne ni. Su ɗan dakata mana. Miya ce ta rage sai kayan marmari."

"Mutumin da ake hura wa iska da hannu kake cewa ya jira miya?"

"Haba, Tien-lai ai ƙarfe ne. Guguwa nawa ta gwada shi ta bari?" Ya yi dariya ya waiga yana neman masu taya shi, ya kuwa samu.

Matarsa Kim-hong ta taso da jikansu da ake yi wa walimar a hannu, an naɗe shi cikin jan bargo, zinariya har a ƙafarsa. "A-kiau, ki iya bakinki," ta ce. "Yau yaron nan ya cika wata ɗaya, yau ya fara fitowa cikin mutane. Kina so a ratsa da marar lafiya ta kansa?"

"To ki shige da shi ɗaki ki ja ƙofa. Kafin ki zauna an wuce."

"Layinmu, walimarmu, mu ne za mu ɓuya?"

Ba zan ce ban san abin da yaron nan yake nufi a wurinsu ba. Unguwarmu ta tsofaffi ce. Rabin gidajen kwaɗo ne a ƙofa, ciyawa ta fito a rufin. Makarantar firamare tuni aka mayar da ita wurin ajiye raga da igiyoyi. Duk mai ƙarfin tafiya ya tafi Kaohsiung ko Taipei, ya bar mu da ƙarar igiyar ruwa da motar kwasar shara. Idan ka ji kukan jariri a layinmu, to talabijin ce wani ya ƙure. Shi ya sa da aka ce jikan mai unguwa zai yi walimar wata ɗaya a nan, tsofaffi suka fito da kayan da suka ajiye don ranar binne su. Amma yaron ba ɗan nan ba ne. A mota aka kawo shi da safe, a mota za a mayar da shi da yamma, uwarsa ma sai toshe hanci take yi wai layin yana ƙarnin kifi. Kifin kuwa na Tien-lai ne da ire-irensa. Babu gida a layin nan da bai taɓa samun kifinsa rataye a ƙofa da sassafe ba, ba tare da ya jira godiya ba.

Da na ga magana ba za ta yi ba, na kira direban motar muka kama teburin farko. A gabansa tsoho Tu yake zaune, wanda suka yi rabin rayuwarsu a jirgin kamun kifi ɗaya da Tien-lai. Yana tsotsar ƙafar ƙaguwa, ruwanta yana bin haɓarsa.

"Yaya Tu, tashi ka kama mini."

"Bayana, A-kiau. Kin san bayana." Bai ɗago ba. Sai ma ya ɗora gwiwar hannunsa a kan teburin ya danne.

Wata daga gefe ta ce in dakata ta juye sauran naman alade a leda tukuna, kada ya zube. Wani ya ce ai mai unguwa bai ba da izini ba. Sauran kowa ya sa fuskarsa cikin kwano. Tsawon layin nan babu abin da kake ji sai taunar baki da ƙarar cokula, ɓawon jatan lande ya cika ƙasa ana takawa. Kim-hong ta ɗaga wa mai waƙa hannu, ya ƙara wa lasifika murya. Mutanen da na yi shekaru ina gaisawa da su kullum safiya, yau kallonsu ma ƙyama yake ba ni.

Na koma motar. Rana ta take, cikin motar ya yi zafi, hannun ma'aikaciyar ya gaji, ta nuna mini yadda ake yi na karɓi jakar. A matsa, a saki, a ɗan jira, a sake matsawa. Ni mai gyaran kifi ce a bakin tashar jiragen ruwa, hannuna ya saba da aiki maras tsayawa.

"Baba, ana share hanya ne," in ji Siu-bi. "Yanzu za mu shiga. Ga Inna A-kiau ta shimfiɗa maka tabarma."

Ya juya idonsa wajen ƙofar motar. Daga inda yake kwance ba ya ganin komai sai rumfar da ƙafafun kujeru, amma ya ƙura wa wurin ido. An kawo miyar kifin, na ji ƙamshinta har nan. Wani ya karɓi makirufo ya yi waƙa ta masunta, ya ɓata ta, aka tafa masa. Mai unguwa Ko ya aiko wata yarinya mai raba abinci da kwano uku na shinkafa da jan ƙwai, wai ma'aikatan asibiti su taɓa. Direban ya kalli kwanon, ya kalle ni, ya ajiye shi a ƙasa.

Ana raba kankana ne na ga yatsun Tien-lai sun saki rigar 'yarsa. Ba su faɗi ba, sun dai buɗe a hankali. Ma'aikaciyar ta sa yatsu biyu a wuyansa, ta daɗe, sannan ta gyara masa bargo har zuwa ƙirji. 'Yar gaɓar tekun nan ce, na ji a harshenta.

"Yana numfashi," ta ce, ba tare da kowa ya tambaye ta ba. "Ci gaba, Inna."

Na ci gaba. Siu-bi ta mayar da yatsun kan hannun rigarta ta riƙe su a wurin da nata hannun.

Wannan ba sabon abu ba ne a wurinmu. Daga asibitin birni zuwa nan tafiya ce, ba kowa ne yake kai labari ba. Da yawa daga tsofaffin layin nan a haka suka shigo, jaka tana aiki, su sun riga sun tafi. Kowa ya sani, kowa kuma yana sunkuyar da kai har a shige da su zaure, a cire robar, a ce yanzu ne. Mahaifin Ko kansa a haka ya shigo. Ina tsaye a ƙofata ranar. Ƙafarsa da ta leƙo daga bargo ta riga ta sandare, wata tsohuwa ta fara gunaguni, sai Tien-lai da yake riƙe da gaban gadon ya ce da ƙarfi, "Yana numfashi, ku matsa," aka matsa.

Sai da aka cinye kankanar tas, aka kwashe sauran abinci a ledoji, baƙin nesa suka fara tafiya, sannan masu haya suka shiga naɗe tebura. Hanya ta buɗe. Daga bakin layi har ana hango ƙofar Tien-lai a buɗe yadda na bar ta. Direban ya sauko da gadon a kan tayoyinsa, ni ina gefe da jakar, Siu-bi tana ɗaya gefen.

"Baba, mun shigo layi," ta ce.

Ko tsawon tebur biyu ba mu yi ba Kim-hong ta fito tsakiyar hanya. Ta miƙa jaririn ga uwarsa, ta tsaya nesa da mu da hankici a hanci.

"Ku dakata," ta ce. "A-kiau, cire hannunki daga jakar nan mu gani."

Na ɗauka kunnena ne. "Me kika ce?"

"Na ce ki daina matsawa. In yana numfashi ai zai yi da kansa."

"Gwaggo Kim-hong," in ji Siu-bi, "likita ya ce kada a tsaya sai a gida."

"Likita ba ya layin nan. Tun ɗazu nake kallo daga sama, mutumin nan bai motsa ba. Dubi launin fuskarsa."

Maƙwabta suka fara jeruwa a ƙofofinsu, kowa da ledarsa a hannu, mai yana ɗiga. Wata ta ce gaskiya fuskar ta canja. Wani ya ce su ma suna da jikoki, bai kamata a jawo wa layi abin da ba a gani ba. Jikokin nasa rabon da su tako nan tun suna rarrafe.

Mai unguwa Ko ya zo yana sakace haƙori. Ya yi murya irin ta mai ta'aziyya. "Siu-bi, 'yata, kin san babanki ɗan'uwana ne. Amma al'ada ba ni na kafa ta ba. Ni amanar layin nan duka ce a wuyana."

"Da ransa ya iso, Kawu. Ka gan shi. Kowa ya gan shi."

"Ai ba isowa bakin layi ake dubawa ba."

Hannuna bai tsaya ba, amma bakina ya kuɓuce. "Ko, kai ne yau kake maganar al'ada? Babanka da aka shigo da shi ta nan, wa ya ce a cire hannu a gani?"

"Babana da ransa ya shiga zaure."

"Wa ya faɗa? Ba wannan na kwance ba ne ya faɗa? Yaya Tu, kai ne ka riƙe bayan gadon ranar. Buɗe baki ka yi magana."

Tsoho Tu yana tsaye da ledar ƙaguwa. Ya kalli ƙasa, ya tofar da jan yawun binlang, goron da ake taunawa a wurinmu, kusa da takalminsa. "An daɗe, A-kiau," ya ce. "Kaina ba ya riƙe abu yanzu."

"Tir da kai. Tir da ku duka."

Direban ya ce in mun yarda shi zai tura kawai, wanda ya tsaya ya buge shi. Amma Ko ya riga ya ɗaga hannu ga masu girki. Babbar motarsu da take ajiye a can ƙarshen layi ta tayar, ta gangaro a hankali da tukwane da murhu a baya, ta zo ta tsaya a gabanmu ta cika hanyar, ko kare ba zai ratsa ba. Wai kaya za su loda. Hayaƙinta yana bugun bargon Tien-lai.

Muka tsaya a haka. Wayar direban ta yi ta ƙara, ana nemansa a wani wuri. Na ce wa Siu-bi mu ɗauke shi a hannu mu bi ta bayan gidaje, ta girgiza kai, don bayan gidajen kwata ce da katanga, kuma ba a shigar da uba zaurensa ta ƙofar shara. Can ma'aikaciyar ta matso kusa da ita, idonta ya yi ja.

"Yaya, ki yi haƙuri. Ba zan iya ƙara riƙe motar a nan ba."

Siu-bi ta daɗe tana kallon gefen motar girkin. Sannan ta zagayo ta ɗora hannunta a kan nawa, ta cire yatsuna daga jakar ɗaya bayan ɗaya, don sun ƙage ba sa buɗewa. Ƙirjin ya sauka, bai sake ɗagawa ba. Daga bayan motar na ji muryar Kim-hong tana cewa, "Ba na faɗa ba?"

Siu-bi ta sunkuya kusa da kunnensa. Ba ta yi kuka ba.

"Baba, za mu juya," ta ce. "Za mu bi ta hagu, wajen teku. Ka biyo mu, kada ka tsaya a nan."

Kafin yamma an kafa rumfar a bakin katangar teku. Masu hayar nan dai ne suka kafa ta, don su kaɗai ne a garin, kuma ba su wahalar da kansu ba. Tamfol ɗin da suka sauke daga kan walimar shi suka ɗauko suka ja a kansa, yana warin soyayyen mai da giya, har da ragowar jan zare a kusurwa. Na hau kujera na tsinke zaren da haƙorina.

Washegari kwandon furanni mafi girma na mai unguwa Ko ne, sunansa a rubuce da manyan baƙaƙe yadda za a karanta daga titi. Ya zo da kansa cikin baƙar riga, ya kunna turare, ya rusuna, ya ce wa mutanen wurin yau unguwa ta yi rashin ginshiƙi. Tsoho Tu ya zauna a kujerar gaba yana kuka da majina, yana ba da labarin yadda Tien-lai ya taɓa ciro shi daga ruwa. Masu ledojin jiya suka zo suna tambaya ko za a yi girki ranar fita da shi. Na tashi na koma bayan rumfar na zauna ina kallon ruwa, don in na ci gaba da zama a ciki zan yi abin da za a daɗe ana faɗa.

Da hantsi na ga Siu-bi ta fito cikin fararen kayan makoki, da ƙaramin kwano na kunun fulawa a hannu ɗaya, ɗaya hannun da yankakkun jajayen takardu. Haka ake yi. Gidan da aka yi wa rasuwa su ne suke bi ƙofa-ƙofa su liƙa wa maƙwabta jar takarda, don kada baƙin cikinsu ya tsallaka gidan wani.

"Kada ki yi musu," na ce. "Bar su haka."

"Riƙe mini kwanon, Inna."

Na riƙe. Muka shiga layin. An wanke shi, amma har yanzu ƙasa tana santsin mai. Ta fara daga gidan farko, ta shafa kunu da yatsa, ta liƙa, ta wuce. Ta liƙa wa tsoho Tu. Ta liƙa wa mai naman alade. Har gidajen da suke da kwaɗo ba ta tsallake ba. Duk inda muka tsaya sai in ji an rage muryar talabijin a ciki, amma babu ƙofar da ta buɗe.

Ƙofar Ko ja ce daga sama har ƙasa da takardun murnar haihuwa, babu wurin sa yatsa. Labulen bene ya motsa. Siu-bi ta tsaya tana dubawa, har ta samu wani ɗan fili a jikin katakon gefe, ƙasa sosai, sai da ta durƙusa. Ta shafa kunun ta liƙa. Iskar teku ta ɗaga kusurwar takardar, ta mayar da ita da babban yatsa, ta danne, ta zauna a durƙushe tana jira ta kama.